Yadda ake haɗa fitilar tebur mai gane lokacin da rai ya ɓaci

Tun kafin ka je Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ka san abu ɗaya: na'ura ba ta ganin zuciya, jiki take aunawa. Murna da fushi duka suna ƙara bugun zuciya, don haka iyakar abin da za ta faɗa maka shi ne jiki ya tashi ko ya kwanta.

Ban da fitilar kanta, kayan kaɗan ne: allon ESP32 (ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa komai), MAX30102 mai karanta bugun jini a yatsa, na'urar GSR mai auna gumin fata, MPU6050 don gane motsi, da batir mai caji samfurin 18650. MAX30102 da MPU6050 su raba layi ɗaya mai waya biyu: wayar bayanai (SDA) a fil na 21 na allon, wayar daidaita lokaci (SCL) a 22. GSR kuwa ka kai shi fil na 34, domin ba ya cikin rukunin filolin da ake kira ADC2, waɗanda ba sa karatu da zarar an kunna Wi-Fi. Kada ka taɓa haɗa wayoyin da ke taɓa fata alhali allon yana jone da wutar gida. Da batir ake gwaji.

Inda aikin yake shi ne ma'auni, wato karatun jikin mutum lokacin da yake natse, wanda za a riƙa kwatanta sauran da shi. Kowane mutum da nasa. Ka sa shi ya zauna shiru minti 5, ka ɗauki karatu sau 100 a daƙiƙa, ka lissafa tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. In tazarar ta daina sassaɓawa kuma gumi ya ƙaru, jiki ya tashi. Amma a Legas danshin iska kaɗai yana jiƙa tafin hannu, wanda ya sauko daga motar danfo kuma zuciyarsa tana gudu ba tare da komai ya same shi ba. Haka wanda ya ci goro. Shi ya sa ake sabunta ma'aunin kullum, a kuma zubar da duk karatun da aka ɗauka hannu yana motsi. Ka ɗora MAX30102 a cikin yatsa, inda fata ta fi haske.

Kyamarar fuska ban ba da shawararta ba. Mai kawaici zai yi maka murmushi alhali ciki na tafasa.

Martanin fitilar ya zama a hankali: haske ya dushe cikin daƙiƙa 30, ba jan wuta mai tona asiri a gaban abokan aiki ba. Ka sa maɓallin "ba haka ba ne" don mai ita ya gyara mata. Bayanan su tsaya cikin allon, in kuma za su hau intanet, sai da yardar mai su, kamar yadda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada kan bayanan lafiya.