Darasi na 7: Yadda gari ke cinye ƙauye

To jama'a, kafin mu fara kowa ya ɗebo ƙwayar gyaɗa guda goma ya jera a gabansa, in babu gyaɗa tsakuwa ma ta yi. Goman nan mu ɗauka su ne mutanen duniya kaf. Yau lissafin "kashi kaza cikin ɗari" za mu koya, wanda kullum muke ji a rediyo muna gyaɗa kai alhali bai shiga ba.

A shekarar 1950, a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi 30 cikin 100 na mutane ne ke zaune a birni. Sai a ware ƙwaya uku gefe guda, bakwai ɗin da suka rage 'yan ƙauye ne. Wajen 2007 aka yi kunnen doki, biyar nan biyar can. A 2018 birni ya kai kashi 55, nan sai an fasa ƙwaya ɗaya gida biyu. Hasashen 2050 kuwa kashi 68 ne, kusan bakwai kenan, kun ga lissafin 1950 ya kife.

Amma fa ba tare aka taso ba. Ingila ce ta riga kowa, tun ƙidayar 1851 mutanen birni suka fi na ƙauye yawa a can, don masaƙu da masana'antu sun janye manoma. A 2018 Turai na da kashi 74, Amurka ta Arewa 82, yankin Latin Amurka su Brazil da Meziko 81. Su nasu ya kusa tsayawa, ƙauyen ma saura kaɗan. Asiya tana wajen rabi, kuma China ce abin mamaki, a 1980 mutum ɗaya cikin biyar ne ɗan birni, zuwa 2011 sun haura rabi.

Mu Afirka kashi 43 muke a 2018, mu ne a baya, kuma a nan ne ɗalibi ke ruɗewa ya ce ai kenan mu da sauƙi. Ina! Kaso daban, yawan kai daban, saurin ƙaruwa kuma daban. Daga 2018 zuwa 2050 ana hasashen biranen Najeriya kaɗai za su ƙaru da mutum miliyan 189, Indiya miliyan 416, China miliyan 255.

Ba sai mun je nesa ba, ku dubi Gombe. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga jihar Bauchi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka dawo, 'yan kasuwa suka biyo su, daga baya rikicin Boko Haram ya koro 'yan uwanmu daga Borno da Yobe da yawansu kuma sun zauna ke nan. Ni da idona na ga gero tsaye a wajen Tumfure inda yanzu bulo ne da kwano har iya ganinka, kuma da sassafe za ka ga mai ruwa na tura kura cike da jarkoki yana nishi a cikin yashi don famfo bai iso layin ba, gida ya riga titi zuwa, ya riga kwata, shi ya sa in damina ta sauka kwari ke ta cin filaye har da gidajen mutane. Abin da ke damuna shi ne, su Ingila masana'anta ce ta kira mutane, mu kuwa yaro ya baro gona ya zo ya tarar sai acaɓa ko Keke Napep ko dako a Tashar Dukku.

Kuma kar a ɗora wa baƙi duka. Haihuwar da ake yi a cikin garin ma tana cikin lissafi, sannan akwai ƙauyen da bai motsa ko taku ɗaya ba, gari ne ya zo ya same shi har gida.

Aiki: a rubuta 30, 55 da 68 da lamba sannan da kalmomi. A jera gyaɗa a nuna kason Afirka da na Turai. Kowa ya tambayi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, a ina gari ya ƙare lokacin suna yara? A rubuto amsar cikin layi uku a zo da ita mako mai zuwa.