Yadda za a tsara keken haya na birni har mutane su koma hawa keke

Yawancin mutanen da ke zaune a manyan birane sun iya keke tun suna yara, abinda ya rabasu da shi shine wahalar da ke tattare da mallakarsa, ina zaka ajiye in kana zaune a bene hawa na biyar, in ka jingine a waje a sace, in taya tayi faci kai ne da turawa. Keken haya yana ɗauke maka duk wannan, ka ɗauka a nan ka ajiye a can kayi tafiyarka. Amma fa sayo kekuna a zuba a titi shine ɓangare mafi sauƙi, ga inda aikin yake.

Da farko tashoshin ajiye keken su zama kusa da juna sosai. Lokacin da Paris ta buɗe tsarin keken hayarta Vélib' ranar 15 ga Yuli 2007 ta fara ne da kekuna wajen 10,000 da tasha 750, kuma tsarin shine kusan duk mita 300 ka tarar da tasha, wato kafin ka gama tunanin ko ka tari tasi ka riga ka ga keke a gabanka. In kuɗin bai kai a rufe duk birnin ba gara a zaɓi unguwanni kaɗan a cika su dam, da a barbaza tasha ɗaya nan ɗaya can. Melbourne a Ostiraliya ta fara nata a 2010 da kekuna wajen 600 da tasha wajen 50 kacal, ga kuma dokar dole sai da hular kwano, to wa ke yawo da hular kwano a jaka saboda wataƙila zai hau keke? A 2019 aka rufe shi. Sannan a tabbatar akwai tasha a bakin tashar jirgin ƙasa da ta bas, don mafi yawan masu hawa ɗan guntun da ya rage tsakanin tasha da ofis suke son cikewa.

Na biyu dole a san wanda ya ɗauki keken. A 1965 wasu matasa a Amsterdam sun shafa wa kekuna farin fenti suka barsu a titi ba makulli wai kowa ya hau, abin bai je ko'ina ba. Copenhagen a 1995 tayi na saka tsabar kuɗi, ka maido keke kuɗinka ya fito, amma tunda ba sunan kowa wasu sai suka maida keken nasu na gida. Sai da katin da ke nuna wanda ya ɗauki keke ya shigo, irin na Lyon a Faransa a 2005, sannan abin ya tsaya da ƙafarsa. Yanzu manhaja ce a waya, amma don Allah rajistar kar ta wuce minti biyu uku, mutum yana tsaye a rana ana ta tambayarsa cike wannan cike wancan zai haƙura ne kawai.

Farashi kuma dabarar da birane da yawa suka bi itace minti 30 na farko babu ƙarin kuɗi ga mai rajista, in ka wuce sai kuɗin ya fara hawa. Hakan yana sa keke ɗaya ya zaga hannu da yawa a rana maimakon mutum ɗaya ya riƙe shi tun safe har dare.

Abinda masu tsarawa suka fi rainawa kuma shi yafi kashe wa mutane gwiwa shine rabon kekunan. Da safe kowa daga unguwa yake gangarowa tsakiyar gari, sai tashoshin unguwa su zama wayam, na tsakiyar gari kuma su cika har ka iso da kekenka babu ramin da zaka saka shi kana ta zagaye ga lokacin aiki yana ƙurewa, in hakan ta faru da mutum sau biyu ba zai ƙara yarda da tsarin ba. Don haka tun a kasafi a ware motoci da ma'aikatan da zasu dinga kwasa daga inda suka taru suna maidawa. Unguwar da ke kan tudu tafi shan wannan matsalar don kowa na son gangara ba mai son hawa, a Paris sai suka dinga ba da kyautar minti 15 ga duk wanda ya maida keke tashar kan tudu irin na Montmartre. Keke mai batir ma ya rage wannan sosai.

Sai hanya. Ni a ganina in ba za a yi hanyar keke ba to a bar kuɗin kawai. Fenti a gefen kwalta baya tare mota, ana buƙatar ɗan dakali ko turaku da zasu raba keke da motoci, shine wanda ya shekara 20 bai hau ba zai samu ƙarfin zuciya. Seville a Sifaniya ta shimfiɗa kusan kilomita 80 na irin wannan hanya a haɗe da juna wajajen 2007, a shekarar kuma ta kawo keken hayarta Sevici, masu hawa suka ninka sau da yawa.

Masu kawo keken da ba ya da tasha kuwa a sa musu iyaka da wurin fakin tun ranar farko, an ga yadda kamfanonin Ofo da Mobike suka cika titunan Chaina a 2017 har aka dinga tara kekuna tsibi tsibi kamar bola.

Shi kansa keken ya zama mai ƙwari, giya uku sun isa, da kwando da fitila, sarƙa a rufe saboda tufafi, sirdin da za a iya ɗagawa ko a sauke da hannu. A sa maɓallin da za a danna a tasha in keke ya lalace, bakanike ya zo da wuri. Mutanen Paris ma da kansu suka ƙirƙiro tasu alamar, in keke ya samu matsala sai su juya sirdin ya kalli baya don na bayansu kar ya ɓata lokacinsa.