Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da ayyuka da kanta a madadin mutum, ba ya ganin cikin kayan aikin da aka miƙa masa, wato ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa wani aiki. Abubuwa uku ne kawai ke isa gare shi: sunan kayan aikin, bayanin da mai haɗa manhaja ya rubuta a kansa, da jerin guraben da za a cike, waɗanda galibi ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'ida ta fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake a tsarin kiran ayyuka da kamfanin OpenAI ya fito da shi a watan Yunin 2023, haka kuma a ƙa'idar MCP ta haɗa wakilai da kayan aiki, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024. Duk abin da bayani ya yi shiru a kansa, wakili zai cike shi da hasashe, kuma aikin mai aunawa shi ne gano inda aka bar wannan giɓi.

Da farko a raba bayanin da wanda ya rubuta shi, domin marubuci yakan karanta abin da ke cikin kansa ne, ba abin da ke kan allo ba. A miƙa wa abokin aikin da bai taɓa leƙa manhajar ba, a nemi ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da ya dace a kira shi, da lokacin da bai dace ba, da abin da zai dawo da shi. Duk inda ya tsaya yana neman ƙarin haske, nan ne wakili zai yi tuntuɓe, sai dai shi wakilin sau da yawa ba zai tambaya ba, zai wuce ne kawai.

Gurabe su ne suka fi cancantar a ɓata lokaci a kansu. A ɗauki kayan aiki mai suna soke_ganawa, wanda bayaninsa ya tsaya a “yana soke ganawa a kalanda”, da gurbi ɗaya da aka kira “rana”. Idan wakili ya rubuta 03/04/2025, a tsarin Amurka 4 ga Maris ke nan, a na Ingila kuwa 3 ga Afrilu, kuma manhajar za ta iya karɓa ba tare da ta yi ƙorafi ba, ta soke ganawar da ba ita ake nufi ba. Bayani mai kyau zai ce a bi tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa, ISO 8601, ya nuna misali irin 2025-04-03, ya faɗi agogon yankin da ake bi. Zai kuma bayyana ko sokewar tana aika wa mahalarta saƙo, da ko ana iya janye ta, saboda aikin da ba ya komawa baya bai kamata a bar shi a dunƙule ba. Haka za a bi kowane gurbi, a duba ma'auninsa, da ko dole ne a cike shi, da inda wakili zai samo lambar shaidar da ake buƙata, wato lambar da ke bambanta ganawa ɗaya da sauran.

Daga nan sai a jera bayanin kusa da na maƙwabtansa. Idan akwai nemo_ganawa da jera_ganawa, kuma mutum ya kasa bambance su da karatu ɗaya, to ko dai a rubuta bambancin ɓaro-ɓaro a kowannensu, ko a haɗe su.

Duk wannan share fage ne. A ganina, hukuncin gaskiya yana wajen gwaji. A tara buƙatu irin waɗanda mutane ke rubutawa a zahiri, da gajartawarsu da rashin cikarsu, a saka wasu da ke buƙatar kiran kayan aiki biyu ko uku a jere, da wasu da bai kamata a kira komai ba. A maimaita kowace buƙata sau da dama, tunda amsar wakili tana sauyawa daga wannan karo zuwa wancan. Abin lura shi ne ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike gurabe daidai, da yawan kiran da ya yi kafin ya kammala. Alƙaluma kaɗai ba su isa ba, sai an zauna an karanta tarihin kiraye-kirayen, domin a nan ake ganin wakili yana nanata kuskure ɗaya saboda saƙon da ya dawo masa bai ce komai ba sai “an samu matsala”. Saƙon kuskure ma wani ɓangare ne na bayani, kuma ya kamata ya faɗi abin da za a gyara.

Wajen gyara, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kuma ware wasu buƙatun da ba a duba su ba yayin rubutu, don a tabbatar ba gwajin kawai aka koya wa bayanin ci ba. A sa ido kan tsawo, domin kowace kalma tana cin gurbi a iyakantaccen filin da wakili ke karantawa. Idan kuma kayan aikin daga waje ya zo, a karanta bayaninsa gaba ɗaya kafin a haɗa shi, saboda ana iya cusa ɓoyayyen umarni a ciki, wakili ya bi shi, alhali mai amfani bai gani ba.