Yadda za ka auna faɗaɗar Legas yanki da yanki da hoton tauraron ɗan Adam

Duk wanda ya daɗe a Legas zai ce maka ai garin ya faɗaɗa, daga Ajah zuwa Ibeju-Lekki da can daji ne da fadama yanzu gidaje sun cinye, Ikorodu ma haka. Toh amma wane yanki ne ya fi gudu, kuma hekta nawa ya ci? Wannan kam sai an auna, kuma da laftof da ɗan data za ka iya, musamman ku 'yan uwa ɗalibai masu aikin kammala karatu a jogirafi ko tsara birane.

Fara da yankunan. Legas ƙananan hukumomi 20 gare ta, ka sauke taswirar iyakokinsu daga GADM, shafin intanet na taswirar iyakoki, kyauta ce. Ka zaɓi masu hali daban daban, Mushin da Agege da suka daɗe da cika maƙil, sai Alimosho, Ikorodu, Ibeju-Lekki. Ni dai shawarata ka haɗa da ɓangaren Ogun, su Mowe da Ibafo a hanyar Ibadan da kuma Sango Ota, don gini ba ruwansa da iyakar jiha, mutane da yawa can suke kwana amma a Legas suke neman abinci.

Sai hoto. Landsat, jerin taurarin ɗan Adam na Amurka, tun 1972 yake ɗauka, a 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta mai da hotunan kyauta, ka buɗe akawun a shafinta na EarthExplorer kawai ka sauke. Na tsofaffin shekaru Landsat 5 ne da aka harba 1984, na yanzu kuwa Landsat 8 daga 2013 da Landsat 9 daga 2021. Ka kiyayi Landsat 7 bayan watan Mayun 2003, wata na'urarsa ta lalace, za ka ga hoton da zane zanen giɓi. Akwai Sentinel-2 na Turai, ya fi fitowa tas don ɗigonsa, wato filin da ɗigo ɗaya na hoton ke wakilta, faɗinsa mita 10 ne, na Landsat mita 30, amma a 2015 ya fara, kuma kar ka kwatanta shekarar da ka auna da Landsat da wadda ka auna da Sentinel, kamar ka auna hatsi da tiya jiya yau ka auna da gwangwani ne ka ce ya ƙaru.

Babban ciwon kai a Legas gajimare ne. Da damina kusan ba za ka samu hoto mai tsabta ba, don haka ka nemi na Disamba zuwa Fabrairu, ka duba kar hazon hunturu ya rufe shi, kuma duk shekarun su zama lokaci ɗaya. Tsofaffin hotunan ba su da yawa, wanda ka samu mai kyau shi zai zaɓar maka shekara.

Ka buɗe manhajar taswira ta QGIS, ita ma kyauta ce, ka tabbata komai na kan tsarin awon taswira na UTM 31N don awon ya fito a mita, ka yanke hoton daidai iyakar yankunanka. Akwai hanyar gaggawa, lissafin NDBI mai fito da wuraren gini daga band, wato kason hasken da hoton ya ɗauka daban daban, a Landsat 8 ka cire band 5 daga band 6 ka raba da jimillarsu, a Landsat 5 kuma band 4 daga band 5. Gaskiya ni ban cika yarda da shi shi kaɗai ba a garin nan. Gara ka saka SCP, ƙarin manhaja mai rarraba hoto rukuni rukuni, a cikin QGIS ka koya wa kwamfuta da hannunka, ka zana mata samfurin gini daga rufin kwanon Mushin da titin saukar jirgi na Ikeja, ruwa daga lagun, daji daga gandun Lekki Conservation Centre, sai yashi daga bakin teku a matsayin rukuni na kansa, sannan ka bar ta ta rarraba sauran hoton da waɗannan samfura.

Wannan yashin fa shi ne tarkon. A Lekki kafin a yi gini sai an cike fadama da farin yashi, Eko Atlantic ma gaba ɗaya ciko ne a kan teku, kuma daga sama yashi da siminti kusan haskensu ɗaya, sai kwamfuta ta lissafa maka filin da ko bulo ɗaya ba a ɗora ba a matsayin gari. Tsohon kwano mai tsatsa kuma yakan rikice da jar ƙasa, Makoko ga gidaje a kan ruwa, ɗigo ɗaya rabi katako rabi ruwa. Don haka ka watsa wuraren gwaji kamar 100 barkatai a kan taswirar da ta fito, ka bi su ɗaya bayan ɗaya a tsofaffin hotunan Google Earth Pro ka ga nawa kwamfuta ta dace, in kuskuren ya yi yawa ka ƙara samfuri ka sake.

Lissafin ba wuya. Ɗigo ɗaya murabba'in mita 900 ne, wato hekta 0.09, ka yi amfani da Zonal Histogram na cikin QGIS ya ƙirga maka ɗigon gini a kowace ƙaramar hukuma, ɗigo 10,000 hekta 900 ke nan. Amma kar ka tsaya a lamba ɗaya. A ce yanki ya tashi daga hekta 500 zuwa 1,500, wani kuma daga 8,000 zuwa 10,000, na farko ya ninka uku, na biyu kashi 25 cikin 100 kawai ya ƙaru amma shi ya fi cin ƙasa, hekta 2,000. Ka kawo duka biyun, ka raba da yawan shekarun da ke tsakani, sannan ka ƙara na uku, wato kashi nawa na busasshiyar ƙasar yankin aka gine, bayan ka cire ruwa, in ba haka ba ƙaramar hukuma mai yawan ruwa kamar Epe za ta fito kamar ba kowa.

In ka ga Mushin ko Agege sun ba ka kusan sifili kar ka rubuta cewa ba sa girma, fili ne ya ƙare, ana rushe gidan ƙasa a ɗora bene ana raba ɗaki biyu, Landsat kuwa rufi kawai yake gani. Kafin ka miƙa aikin ka gwada sakamakonka da GHSL, taswirar gine-ginen duniya ta Tarayyar Turai, duk yankin da kuka yi nisa da juna ka koma ka sake duba samfurinsa.