Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Bayan Motar Tsere Rawa a Babban Gudu

Motar da aka sauke ta ƙasa, aka sa mata faffaɗan taya da sifirin mai tauri, tana iya tafiya lafiya lau a gudun kilomita 100 a awa, amma da ta haura 160 sai bayanta ya fara rawa, direba ya riƙa gyara sitiyari ba hutawa. Da yawa fiffike suke fara saye, wato farantin da ake ɗorawa a bayan mota don iska ta danne ta ƙasa. Wannan gaggawa ce, domin galibin matsalar a ƙarƙashin mota take. Duk gwajin gudu a filin tsere ake yin sa, ba a kan titin jama'a ba, kuma ana ƙara gudun ne kaɗan-kaɗan.

Kafin ka ɗauki sifana, gano lokacin da rawar ke zuwa. In tana zuwa a miƙaƙƙiyar hanya ƙafarka na kan totur, ka zargi alaimen, taya ko iskar da motar ke ratsawa. In sai ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, to nauyi ne ke komawa gaba yana barin tayoyin baya da sauƙi, ko kuma wani bushin, wato robar da ke mahaɗar sandunan ƙafar mota, ne ke motsi. In kuma sai an hau gargada, shokazoba ce da tazarar da ta rage mata. Rawa daban, karkarwa daban: karkarwar da kake ji a kujera yawanci balansin ne ko lanƙwasasshen rim.

Fara da taya. Auna iska da safe tayoyin na sanyi, da geji mai kyau, ka tabbatar hagu da dama daidai suke. Iska na ƙaruwa da kusan 0.1 na bar a duk ƙarin zafi na digiri 10, don haka ka sake aunawa da zarar ka fito daga fili. Duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya takan bushe ta daina kama ƙasa ko da zanenta bai cinye ba. Duba harafin gudu kuma, wanda ke nuna iyakar gudun da tayar za ta iya ɗauka: H kilomita 210 ne a awa, V 240, W 270, Y 300. Taya mai laushi mai kama ƙasa a gaba, wata iri daban a baya, wannan kaɗai ya isa ya jawo rawar. Sabuwar taya mai zurfin zane ma takan yi santsi da ɗan lilo kafin ta zauna.

Sai a ɗaga motar, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Kama tayar baya sama da ƙasa ka girgiza: in ta motsa, yawanci boris ne. Kama ta ta gefe da gefe: in ta motsa, duba sandar da ke riƙe da saitin tayar da bushin ɗinta. Hannu ba ya kai ƙarfin da hanya ke sa wa taya, saboda haka ka sa doguwar sandar ƙarfe ka banƙara kowane bushin, har da na gadon da ke ɗauke da aksul ɗin baya, wani yana haska tocila. Tsagewa, roba da ta rabu da ƙarfenta, ko noti mai alamar gogewa, duk shaida ne. Idan an sa sifesa, wato faifan da ke tura taya waje, a bayan rim, tabbatar ta zauna daram a kan cibiya, an kuma ɗaure notocin da sifanar awo gwargwadon abin da kamfani ya rubuta.

Alaimen shi ne inda ya kamata a daɗe. Tayoyin baya suna bukatar gabansu ya ɗan kalli ciki, abin da masu alaimen ke kira to-in. A yawancin motocin nan jimillar milimita 1 zuwa 3 ce, rabe daidai tsakanin hagu da dama. In suka kalli waje ko da kaɗan ne, duk tayar da nauyi ya faɗa kanta sai ta ja bayan motar zuwa ɓangarenta, ɗayar ma ta karɓa, rawar ke nan. Sauke mota yana canza wannan saiti, yana kuma ƙara kwantar da saman taya ciki. Abin da aka fi mantawa shi ne saitin yana canzawa yayin da taya ke hawa da sauka. Mota tana iya nuna to-in mai kyau a kan na'ura, amma da ta danne a guje sai tayar ta buɗe waje, domin sandunan sun bar kusurwar da aka ƙera su a kai. A auna da nauyin direba a kujera da rabin tanki na mai, sannan a danne bayan da kamar milimita 25 a sake aunawa. Ka nemi a ba ka takardar awon, kada ka tsaya a kan "ya yi daidai". Bayan an sauke mota, a kwance notocin bushin na roba a sake ɗaure su motar na tsaye a kan tayoyinta. In ba haka ba robar na zama a murɗe.

Shokazoba mai yoyon mai ta mutu, a canza biyun tare. Don sanin tazarar da ta rage, ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandarta, ka zagaya fili, ka dawo ka duba. In an tura shi har ƙarshe, motar na dukan robar tsayawa, kuma a daidai lokacin bayan ya zama kamar ba sifirin. A ƙara wa motar tsayi da milimita 10 zuwa 15. Shokazoba mai saiti kuwa, in dawowarta ta yi tauri da yawa, taya ba ta komawa ƙasa da wuri bayan gargada. Sassauta danni biyu ka gwada. Sitabilaiza, wato sandar da ke hana mota karkata, in ta baya ce mai kauri, ita ma tana rage wa baya kamun ƙasa a kwana, a mayar da ita ramin da ya fi laushi.

In rawar a birki take, auna zafin faifan baya biyu da ma'aunin zafi na nesa. Wanda ya fi zafi sosai, kalifarsa na kamewa. Takalmin birki mai cizo a baya fiye da na gaba shi ma yana sa baya ya nemi juyawa.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake komawa kan iskar da motar ke ratsawa a guje. Ƙarfinta na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, shi ya sa matsalarta ba ta bayyana a 100 amma ta yi tsanani a 200. Alamarta ita ce rawar na ƙaruwa daidai da gudu a hanya marar gargada, sitiyari kuma ya yi kaifi fiye da kima. Audi TT ta farko ta yi fama da haka, har kamfanin ya janye motocin a 1999 zuwa 2000 ya ƙara musu ƙaramin fiffike a baya, ya kuma gyara ƙafafunsu. A motar da aka yi wa gyara, abin da ya fi jawo haka shi ne sa faranti mai danne gaba a ƙasan bamba ba tare da abin da zai danne baya ba, ko cire fiffiken kamfani, ko barin baya ya fi gaba tsayi da yawa. Cire farantin gaban ka sake gwadawa a gudu iri ɗaya. A kowane gwaji abu ɗaya tak ake canzawa, a rubuta iskar taya, tsayin kowace kusurwa da gudun da rawar ta fara.