Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen babur ɗin doguwar tafiya

Yawancin masu neman matsakaicin babur mai iya bin kwalta da burji, girman inji kaɗai suke tambaya, alhali nan ne wurin da ba a cika samun matsala ba. Injin Yamaha Ténéré 700 mai cc 689 da na Honda Transalp mai cc 755 duk sun wadatar da matafiyi da kayansa.

Abin da ke kayar da mutum shi ne tsayin sirdi. Na Ténéré ya kai milimita 875, na Transalp kuwa 850, kuma wannan ɗan bambancin sai an tsaya a gangare ko cikin yashi ake gane girmansa, lokacin da ƙafa ke laluben ƙasa, babur kuma ya riga ya fara karkata. Kada a saya sai an hau, sanye da takalmin tafiya, an ga tafin ƙafa ɗaya ya taka ƙasa sosai. Idan bai taka ba, a nemi ƙaramin sirdi kafin a taɓa shokazoba, domin rage tsayinta yana sa cikin babur ya riƙa bugun duwatsu.

Nauyi ma ana ruɗewa a kansa, saboda wasu kamfanoni suna rubuta shi ba tare da fetur ba. Ténéré da tanki cike ya haura kilo 200, kafin a ɗora akwatuna. A tambayi wane nauyi aka rubuta, kaya masu nauyi kuma a sa su ƙasa, kusa da tsakiya.

Tayar gaba mai inci 21 ta fi haye ramuka. Mai inci 19, irin ta Suzuki V-Strom 650, ta fi dacewa da wanda kwalta ce yawan hanyarsa. Tayoyin Ténéré masu tif ne, don haka tafiya ba kayan faci ganganci ne.

Sai tanki, wanda a ganina shi aka fi rainawa. Sunan Ténéré daga hamadar Nijar aka ɗauko shi, amma lita 16 da yake ɗauka ba za ta kai mutum daga Damagaram zuwa Agadas ba, tafiyar da ta haura kilomita 400. Yashi da kaya kuma suna ƙara shan mai. A auna shan man babur da kaya a kansa kafin ranar tashi, ko a duba samfurin Ténéré da ake kira World Raid, mai lita 23.