Kurakuran da ke ɓata fallen ƙarfe a tayar Ingila da gudumar inji, da yadda ake gyara su

Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wannan zance na maƙera ne, masu zugazugi da gawayi. Mai sarrafa fallen ƙarfe ya fitar da murfin tayar mota ko tankin babur, da sanyinsa yake aikinsa, kuma yawancin ɓarnar sabon hannu daga ɗabi'ar maƙera take fitowa: a sa ƙarfi, a gama da wuri.

Injina biyu ne ake yawan yin wannan aiki da su. Na farko tayar Ingila: gangar jiki mai siffar harafin C, da babbar taya mai shimfiɗaɗɗen baya a sama, da ƙarama mai doro a ƙasa, sai a riƙa tura fallen ana jawowa a tsakaninsu. Masu ƙera bodin mota na Ingila ne suka yi fice da ita, da injinan kamfanoni irin su Ranalah da F.J. Edwards, kuma da irinta aka murza sassan jikin jiragen yaƙi na Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu. Na biyu gudumar inji, wadda ke dukan fallen sau ɗaruruwa a minti ɗaya, kamar Yoder ta Amurka, da danginta Pullmax ta Suwidin da Eckold ta Jamus.

Ko wanne ka kama, abu uku kaɗai ake yi wa ƙarfe: a miƙa shi ya yi sirara ya ƙara faɗi, a tsuke shi ya yi kauri ya rage faɗi, ko a lanƙwasa shi. Duba mai murza kwaɓin cincin da kwalba. Inda ta danna, kwaɓin ya buɗe ya nemi wurin zuwa. Haka ƙarfe yake. In aka miƙa tsakiya aka bar gefe, tsakiyar ba ta da mafita sai sama, sai ta yi doro kamar bayan ƙwarya.

Fara aiki ba tare da sanin inda za a je ba

Wannan shi ne uban kurakurai. Mutum ya yanko falle ya nufi inji da siffar a kansa kawai. Gyaransa ba ya cin kuɗi: a haɗa ƙwarangwal na katako mai siffar abin da ake so, ko a yi amfani da tsohon sashen in yana nan, a lulluɓa masa takarda. Duk inda takardar ta tattare ta yi ninki, nan ƙarfe zai buƙaci tsukewa. Duk inda sai an tsaga ta kafin ta kwanta, nan za a miƙa. A kwafe wannan taswira a kan fallen da maka. Sannan a riƙa komawa ga katakon ana gwadawa bayan kowane ɗan zagaye, ba sai an gaji ba.

Akwai wani ruɗu da ke biyo baya. Falle ya ƙi zama a kan katako, sai a ɗauka bai ji murza ba ne, a koma inji. Sau da yawa miƙewar ta isa, murɗewa kawai ya yi. Kafin ka ƙara ko zagaye ɗaya, ɗora shi a cinya ka lanƙwasa da hannu, ka sake gwadawa. Lanƙwasa ana warware ta. Miƙewar da ta wuce kima kuwa, sai da wahala.

Matse taya da yawa, da zaɓen mai babban doro

Ƙaramar tayar ƙasa ana sauya ta, akwai masu doro iri-iri. Sabon hannu yana ganin mai tsinin doro sai ya ce ita ce mai sauri. Gaskiya ne, tana da sauri, amma wurin da take taɓa ƙarfe siriri ne ƙwarai, don haka takan bar layi-layi kamar kunyoyin gona. In an haɗa da matsi mai yawa, layukan ba sa ɓoyuwa ko an yi fenti. Ƙa'idar ita ce a ɗauki tayar da ta fi kowace kwanciya wadda gefenta ba zai cije fallen ba, a matse daidai yadda falle zai wuce ba tare da kokawa ba. Layukan tafiya su kasance kusa da kusa, kowane ya hau gefen na baya. In layi ya riga ya fito, a sassauta matsi, a sa taya mai kwanciya, a juya fallen a murza a gicciye har ya goge. Murza ta fuska ɗaya tak tana ba da indararo ne, ba ƙwarya ba.

Bin gefe

Nan na fi daɗewa ina shan kashi. Falle na farko da na yi wa rufin wata tsohuwar mota, na murza shi daga baki zuwa baki, ina jin daɗin yadda yake sheƙi. Da na ɗaga shi sai gefen ya yi ta rawa kamar ganyen latas, doron da nake nema kuma babu shi. Gefe shi ne ƙawanyar da ke riƙe doro. Ka miƙa shi, ka kwance ƙawanyar. A ja layi da maka kamar santimita 2 zuwa 3 daga baki, kada taya ta ƙetare shi sai a zagayen ƙarshe mai sauƙin matsi. Tsakiya ta fi kowane wuri samun murza, ana ragewa yayin da ake nufar gefe. In gefen ya riga ya saki, ko dai a ƙara miƙa cikin har ya ja shi ya ɗaure, ko a tsuke bakin. Shi ya sa ake yanka falle da rara, a datse daga baya.

Babban falle kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ɓangaren da ya fita daga taya ya rataya, nauyinsa zai karya masa siffa. A sa yaron shago ya tallafe ɗaya gefen, ya bi tafiyarka, kada ya ja.

Wurin da ke ɓas-ɓas

Ka danna ya shige, ka saki ya fito, kamar gindin gwangwani. Ƙarfe ne ya yi yawa a wurin fiye da kewayensa. Kuskure shi ne a ci gaba da murza daidai wurin, ko a lafta masa fila a rufe. A murza kewayen a hankali har doron ya bazu, ko a ɗan gasa tsakiyar a tsuke ta.

A gudumar inji

Guduma ba ta jira. Ka tsaya wuri ɗaya na daƙiƙa kaɗan, ta cinye kaurin wurin, wani lokaci har ta fasa. Hannu ya riƙa tafiya tun kafin ƙafa ta taka feda. Kada a bar kawunan gudumar biyu, na sama da na ƙasa, su daki juna babu ƙarfe a tsakani, domin duk tabon da suka samu za su buga shi a kan kowane falle da ya biyo. Tsarin da ya fi tsira shi ne a fara tsuke gefe, wanda ke ƙara kauri, sannan a miƙa tsakiya gwargwadon abin da ya rage. Wanda ya nemi duk zurfin ta hanyar miƙewa, zai ƙare da tsakiya kamar takarda, mai walda ya taɓa ta huje. Wajen tsukewa, a tura fallen ciki ninki ya tashi, a jawo shi a hankali, kan gudumar ya danne ninkin. In aka yi sauri ninkin ya kwanta a kan kansa, tsaga ce ke tafe.

Ƙarfen da bai dace ba

Ba kowane falle da ke kasuwa ne ke karɓar siffa ba. Baƙin ƙarfe mai laushi na milimita 1 zuwa 1.2 shi ne na bodin mota. Alminiyam kuma, wanda ake bambanta ire-irensa da lamba, a nemi lamba 1100 ko 3003, kauri wajen milimita 1.5. Lamba 6061 mai tauri tsagewa take yi. Guntun jikin motocin zamani ma yakan ba da wahala, don da yawansu ƙarfe ne mai ƙarfin gaske da ke komawa yadda yake. Kwanon rufi mai rufin zinki kuwa a bar shi, hayaƙinsa in ya ji wuta yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Alminiyam yana taurara in ya sha duka. Da ka ji ya fara gardama, a tausasa shi: a shafa masa baƙin hayaƙin asitilin, wato iskar gas ɗin walda, a bi da wuta mai tsabta har baƙin ya ɓace, a dakata nan. Ba ya yin ja kafin ya narke, kuma a digiri 660 yake narkewa, don haka mai jiran ganin ja zai ga rami.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata aikin yini. Ƙwayar yashi ɗaya a kan taya takan zana ɗigo a kowane juyi, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, don haka a goge taya da falle kafin a fara, a lulluɓe injin in an tashi. A goge kaifin bakin falle da zarto. A sa abin toshe kunne a gaban guduma, ƙararta ta wuce abin da kunne ke jurewa. Yatsu kuma su tsaya a bakin falle, nesa da inda tayoyin biyu suka haɗu, don in taya ta kama farce ba ta tsayawa.